Fijon Alhaji da rediyon da bai manta ba

Waɗanda suka saba bin mu sun san hirarmu ba ta cika wuce maganar aikin yi, gyaran makarantu, katin zaɓe da matsalar shaye-shaye ba. To yau maganar mota zan yi. Tsohuwar mota ma kuwa, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Na san wani zai ce, yau kuma ɗan gwagwarmaya ya koma bakanike? Ku dai yi haƙuri ku bi ni a hankali, za ku ga inda maganar za ta ɓulle.

A gidanmu na Indabo, nan ƙaramar hukumar Wudil, akwai wata darbejiya a bayan zaure. Tun da na buɗe ido na ga wata mota a ƙarƙashinta. Peugeot 504 ce, wadda mu Hausawa muke ce wa Fijo, fara, ƙirar 1979. Ta kakana ce, Alhaji, Allah Ya jiƙansa. Fataucin shanu ya yi, kasuwar Juma'a ta Wudil ita ce ofishinsa. Ya rasu a 2004, kuma tun daga shekarar ba a sake tayar da motar ba. A cikinta muka yi wasan ɓuya muna yara. Kaji sun yi ƙwai a kujerar baya, awaki sun mayar da kan bonet wurin hutawa, tayoyi huɗun nan duk sun nutse a ƙasa.

Bara, bayan Babbar Sallah, sai ga 'yan gwangwan sun zo da amalankensu. Suka zagaya ta, suka ƙwanƙwasa nan, suka ƙwanƙwasa can, suka yi tayi. Wallahi kuɗin da suka faɗa bai kai na raguna biyu masu kyau a kasuwar Wudil ba. Su a wurinsu ƙarfe ne kawai, kilo suke lissafawa, kuma ban ga laifinsu ba, sana'arsu ce. Baffana, wanda shi ne ya riƙa tuƙa Alhaji shekara da shekaru, ya ce a sallama. Yana da aurar da 'ya a gabansa, ga kuɗin magani. Na ce, "Baffa, don Allah a ɗan dakata mini." Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, mushe za ka raya? Ni da na tuƙa ta na haƙura, sai kai?"

Bari in tsaya a nan in faɗi abu na farko, don shi ne ya fi komai muhimmanci, kuma samari da yawa a nan suke yin kuskure. Motar nan ba tawa ba ce, ba kuma ta Baffa shi kaɗai ba ce. Kayan gado ce. Lokacin da aka raba gonaki da shanu an tsallake ta, saboda kowa yana ganin ba ta da wata daraja. Amma duk da haka akwai haƙƙin mutane a cikinta, har da gwaggonnina da suke aure a wasu garuruwa, waɗanda babu wanda ya yi niyyar tambayarsu. Sai muka je wurin malamin da ya yi rabon farko, aka kira kowa, aka yi mata kuɗi sama da tayin 'yan gwangwan, na saya. Da ɗan abin da na tara lokacin bautar ƙasa na biya rabi, sauran na shiga adashi na cika. Aka fitar wa Hajiya kakata nata kason, aka ba kowane magaji nasa. Hajiya tana karɓar nata tana yi mini tsiya, wai, "Maigidana, ashe kana da kuɗin sayen akurkin kaji, amma ba ka da na cefanena?" Don haka in kana sha'awar wani tsohon abu a gidanku, fara da wanke shi daga haƙƙin mutane. Kar ka gina abin alfahari a kan rabon gwaggonka.

To wai mece ce Fijo 504 da har zan zuba mata kuɗina? A Turai da Amurka akwai mutanen da sha'awarsu ke nan, su nemo tsohuwar motar tsere ko ta ƙawa, su mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, har noti da fenti da rediyon zamaninta. Mu a nan ba mu da irin waɗancan motocin birjik. Abin da ya fi kusa da su a wurinmu ita ce Fijo, kuma kada ku raina ta. A 1968 aka fara fito da 504 a Faransa, a 1969 ta ci kyautar motar shekara ta Turai. Kamfanin Pininfarina na Italiya yana da hannu a zanen jikinta, kuma akwai ƙirarta mai ƙofa biyu wadda aka yi don gudu da ƙawa. A tseren Safari na ƙasar Kenya, wanda ake yi cikin taɓo da ƙura da duwatsu, 504 ce ta zo ta ɗaya a 1975, wani ɗan ƙasar Sweden mai suna Ove Andersson yana tuƙa ta. A 1978 kuma mai ƙofa biyun ta sake cinyewa a hannun Jean-Pierre Nicolas. Wato motar da kakanninmu suka riƙa loda wa buhunan gero da akuya a but, 'yar gidan zakarun tsere ce.

Sannan tamu ce ta wata fuskar. A Kakuri ta Kaduna, kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a 1975. A zamanin mulkin Murtala da Obasanjo aka mayar da ita motar jami'an gwamnati, sai ya zama kwamishina Fijo, babban sakatare Fijo, ɗan kasuwa Fijo, direban tasha ma Fijo. An daɗe da daina yin 504 a Faransa amma Kaduna tana ci gaba da fitar da ita, har cikin shekarun 2000. A wancan zamanin ana harhaɗa Volkswagen a Legas, Steyr a Bauci, manyan motocin Fiat a nan Kano, Leyland a Ibadan. Iyayenmu sun ga lokacin da mutumin Arewa zai tashi da safe ya tafi aiki a masana'antar mota. Mu kuwa mun tashi mun tarar da 'yar Kwatano. Ku riƙe wannan a ranku, zan dawo kansa.

Aikin jiki da na inji ba zan daɗe a kansu ba, don duk garejin da ka shiga a Kano za ka sami wanda ya san Fijo kamar yunwar cikinsa. Muka ɗora ta a kan babbar mota zuwa gareji a Wudil. Injin ya kafe, sai da aka cire filogi aka zuba mai a ramukan aka bar shi kwanaki yana jiƙa kafin ya yarda ya juya. Aka sauke shi, aka sa sabon ringi da gasket, aka wanke kafireta, aka kai lagireto aka fasa aka wanke, aka sauke tanki aka kankare tsatsa. Birki kam gaba ɗaya aka sake, don wannan ba wurin tsumulmula ba ne. Ƙasan motar wajen ƙafar direba ya rube, mai walda ya yanke ya sa sabon ƙarfe. Kayan gyara kuwa, na yi sintiri a kasuwar Ƙofar Ruwa har masu shaguna suka fara ce mini "na Fijo". Wani abin a samu sabo, wani sai an ciro daga jikin wata da ta riga ta mutu.

Rigimar ta taso ne a kan rediyo. Ran nan na je gareji na tarar rewaya ya ciro shi ya ajiye a ƙasa kusa da tulin tsofaffin filogi, yana gwada wata na'ura mai allo a jikin dashbod, ya riga ya ja layi da alli inda zai yanka. Na ce, "Oga, me za a yi a nan?" Ya ce, "Zamani zan sa maka. Ka ga wannan, ga bidiyo, ga taswira, ga kyamarar baya. Wancan ai ya mutu tun kana zanin goyo." Da na makara da minti goma, da an gama.

Ga abin da ya sa na hana. Rediyon motocin wancan zamani yana da sanduna biyu da suke leƙowa ta fuska, ɗaya ta murya, ɗaya ta neman tasha. Na'urorin yanzu kuwa akwati ne da yake buƙatar rami mai faɗi, mai allon nan ma ya ninka na yau da kullum tsayi. In ka sa abin yanka a dashbod ɗin mota mai shekara 45, ka yanka ke nan har abada, babu shagon da za ka je ka sayo wani sabo. Na'urar allon kuwa, in ta yi shekara uku tana aiki ka gode Allah. Za ka lalata abin da ya yi shekara 45 saboda abin da ba zai yi biyar ba. Wannan ita ce ƙa'idar da na koya a aikin nan: duk abin da za ka yi wa tsohon abu, ka yi wanda in ka canza ra'ayi gobe za a iya warwarewa.

Na ɗauki rediyon na goge shi da gefen rigata. Blaupunkt ne, ƙirar Jamus, sunan ma ma'anarsa shuɗin ɗigo, kuma ga ɗigon nan a fuskarsa. Baffa ya ce Alhaji ne ya sa aka ɗaura masa shi a Kano a satin da ya sayi motar. Yana da maɓallai biyar a jere, an rubuta musu L, M, K, U, U. Na yi digiri amma ban san me suke nufi ba. Na kai shi wurin masu gyaran waya, yaran suka yi ta dariya suna ɗaukarsa hoto. Wani ya ce in bar shi ya ƙwaƙule cikin ya sa mini ƙaramin allon MP3, fuskar ta zauna yadda take. Na ce a'a, wannan ai gawa ce aka sa wa kwalli.

Sai wani dattijo a Ƙofar Ruwa ya yi mini kwatancen wani tsoho a cikin birni, wanda ya ce shi kaɗai ya sani da ya rage yana taɓa irin waɗannan. Na same shi a wani ɗan shago da bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, rediyoyi jibge har rufi, yawancinsu masu su sun mutu ko sun manta da su. Ya haura shekara saba'in. Yanzu tocila da fanka da caja yake gyarawa, don su ake kawowa. Na gaishe shi, na miƙa masa. Ya juya shi, ya yi shiru, sannan ya ce, "Samari, ina ka samo wannan? Rabona da irinsa an fi shekara ashirin."

Shi ya fassara mini haruffan. Ya ce da Jamusanci ne. L dogon zango, M matsakaicin zango, K gajeren zango, U kuma shi ne abin da muke ce wa FM. Sannan ya ce, "Matso ka ga wani abu." Ku tuna fa, ba a haɗa shi da batir ba, babu wuta ko ɗigo a jikinsa. Ya ɗiga ɗan mai a cikin ƙarafunan, ya jira, ya danna K. Sai na ji ƙas, allurar ta zabura da kanta ta tafi ta tsaya a wani wuri, kaɗan gaba da lamba 6. Ya yi murmushi ya ce, "Mai motar nan Kaduna yake ji. Nan ne mita 49, nan Rediyon Kaduna take."

Jama'a, sai da tsigar jikina ta tashi. Ashe irin wannan rediyo ba da lantarki yake riƙe tasha ba, da ƙarfe yake riƙewa. In ka kamo tashar da kake so, sai ka jawo maɓallin waje ka mayar da shi ciki da ƙarfi, wani ɗan ƙarfe ya kulle a daidai wurin. Ko an cire batir shekara ɗari yana nan. Wato hannun Alhaji ne ya kulle wannan wurin. Mutumin ya yi shekara ashirin a kabari, ban san muryarsa ba sai a labari, amma ga zaɓinsa a gabana. Wayata da na saya bara, in ta faɗa ruwa yau, komai ya tafi. Na kira Baffa a waya na gaya masa. Ya yi shiru, can ya ce, "Haka ne. In muka taso daga kasuwa ba ya yarda a taɓa masa wannan maɓallin."

A nan ya kamata mu 'yan baya mu fahimci matsayin rediyo a wurin mutanenmu. BBC ta fara shirin Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna ya fara a 1962, Jamus ta bi a 1963, Muryar Amurka a 1979. Mutumin da bai taɓa zama a aji ba sai ka ji yana yi maka bayanin rikicin Gabas ta Tsakiya, daga rediyo ya samu. A nan ake jin Zaɓi Sonka, a ji Samanja, a ji Shata da Ɗan Maraya, a ji tafsirin azumi, a ji sanarwar ganin wata. A ƙauye irin namu, motar da take da rediyo majalisa ce. Baffa ya ce da daddare Alhaji yakan buɗe ƙofofin motar a ƙofar gida, a shimfiɗa tabarmi, mutanen unguwa su kewaye. A cikin motar nan suka bi sakamakon zaɓen da ya ba Shehu Shagari shugabanci, Abubakar Rimi ya zama gwamnan Kano. Kuma a cikinta, ran 17 ga Afrilu 1983, suna kan hanya kusa da gadar Wudil, suka ji rasuwar Malam Aminu Kano. Ya ce Alhaji ya ce masa, "Tsaya." Ya gangara gefen titi, suka zauna babu mai magana, sannan Alhaji ya ce a juya a nufi Kano. To ku gaya mini, wannan akwatin ne za a jefar a tulin filogi?

Gyaran ya ɗauki sati uku, kuma na roƙi Baba ya bar ni in riƙa zama ina kallo. Ga abin da na gani, ko zai amfani wani. Abu na farko, ya ce kuskuren da kowa yake yi shi ne ya samo tsohon rediyo ya manna masa batir kai tsaye don ya ji ko yana yi. In akwai abin da ya haɗe a ciki, nan take za ka ƙona abin da ba za ka samu a kasuwa ba. Shi sai da ya duba wace waya ce ta wuta, wace ce ta jiki, ya tabbatar na volt 12 ne, ya sa fis, sannan ya jera ƙwan fitila a kan layin wutar, yadda in akwai matsala ƙwan ne zai haska maimakon rediyon ya ƙone. Na biyu, akwai wasu 'yan gwangwanaye a ciki da ake kira kafasita, masu ɗan ruwa-ruwa a cikinsu, waɗanda shekaru da zafin ƙasarmu suke busar da su. Su ne suke sa rediyo ya yi ta gurnani ko muryarsa ta shaƙe. Ya canza su ɗaya bayan ɗaya, yana cire tsoho yana sa sabo mai lamba iri ɗaya, ba ya cire biyu a lokaci guda don kada ya rikice. Tsofaffin kuma ya ƙulle mini su a leda ya ce in ajiye. Na uku, ya wanke abin ƙara murya da yake ƙarar yashi, ya sa sabon ƙwan da yake haska lambobi. Lasifikar da ke cikin mota kuwa ɓeraye sun cinye takardarta, sai muka nemo wata mai awo ɗaya da ita, om 4, muka ɗaura a ramin asali.

Akwai kuma abubuwa biyu da sai a jikin mota ake yin su. Akwai wani ɗan sukurun da ake juyawa don rediyo ya daidaita da eriyar motar. Ana zaro eriya duka, a kamo tasha mai rauni a matsakaicin zango, a juya a hankali har murya ta fi fitowa. Sai kuma ƙarar inji. Mota mai kwantak da kwayil tana watsa tartsatsi, rediyo yana kamawa, kana taka totur kana jin tas-tas-tas a lasifika. Maganinsa ɗan kwandensa a jikin kwayil da wayoyin filogi masu hana ƙara. Rewayan da ya so yanka dashbod, shi ya yi wannan aikin da hannunsa, Baba yana gaya masa ta waya. Daga baya da kansa ya ce mini, "Ashe akwai karatu a abin nan."

Ba zan ɓoye muku aibinsa ba. FM ɗinsa a 104 ya tsaya, duk tashar da ke sama da nan ba zai kamo ta ba. Lasifika ɗaya ce, babu dundun irin na motocin ɗaurin aure. Amma a bayansa akwai wata kafa da aka yi don haɗa na'urar kaset, sai Baba ya yi mini wata 'yar waya da nake sakawa a nan in haɗa da wayata. Ba a huda komai ba, ba a yanke komai ba, in na zare ta ya koma yadda yake a 1979.

Ranar da muka kawo motar gida, fenti bai ma gama ba, ƙofa ɗaya launinta daban. Na ajiye ta a ƙarƙashin darbejiyar nan bayan la'asar. Hajiya idonta ya yi rauni sosai yanzu, sai aka riƙo hannunta aka zaunar da ita a gaba. Na murɗa, fitilar lambobin ta kawo, na danna maɓalli, ƙas, sai ga muryar mai gabatarwa daga wata tashar Kano tana karanto gaishe-gaishe. Ba muryar ce ta taɓa ta ba. Cewa ta yi, "Sake danna wannan abin." Na sake. Ta ce, "Wannan ƙarar. In na ji ta daga cikin gida na san ya dawo, in sa a kai masa ruwa." Ta share ido da bakin mayafi, sannan ta ce, "To maigidana, na yafe maka kuɗin cefanen." Baffa kuwa bai ce komai ba, hannu kawai ya miƙo mini in ba shi makulli. Ya zagaya da ita har bakin titi ya dawo, yana sa giya kamar jiya ya ajiye ta.

Yanzu bari in amsa tambayar da na san tana ran wasunku, don abokaina ma sun yi mini ita a fuska. Suka ce, kai da kake yi mana wa'azin talauci da rashin aiki, mutane suna neman abin da za su ci, tun da aka cire tallafin mai a 2023 ko mai babur kuka yake, kai kuma ka zuba kuɗi a tsohuwar mota mai shan mai kamar raƙumi? Gaskiya ne, maganarsu tana da nauyi. Motar tana shan mai, ba kullum nake hawanta ba, a babur nake yawona. Kuɗin da na kashe da na sayi injin markaɗe da yanzu yana kawo wani abu. Ba zan ce wa kowa ya je ya yi irin abin da na yi ba, musamman mai iyali.

Amma ga abin da na gano, wanda shi ya sa na kawo maganar cikin shirin nan. Da na tambayi Baba yara nawa ya koya wa aiki, ya ce da can shagonsa ba ya rabuwa da yara biyar ko shida. Yau babu ko ɗaya. 'Ya'yansa ma babu wanda ya gada. Mutumin nan yana iya bin zanen lantarki da ido, ya auna, ya gano wane ɗan ƙaramin abu ne ya mutu a cikin ɗari, ya canza shi kaɗai. Yawancin gyaran da muke yi yanzu kuwa ciro allo ne a sa wani allo. In babu sabon allo daga Caina, aiki ya tsaya. Ga sola ta cika garuruwanmu, ga inbata, ga famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana a fadamun bakin kogin Wudil, duk suna lalacewa, duk ilimi iri ɗaya suke buƙata da wanda yake kan tsohon nan. Ranar da aka ɗauki gawarsa, da shi za a binne. Ga mu da jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, ɗalibai suna haddace zane don jarrabawa, ga wanda ya yi shekara hamsin yana aiki da zanen a cikin birni yana gyaran tocila. Babu wanda ya haɗa su. Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani, mu kuwa tamu muna sayar da ita a kilo.

Ku duba kuma yadda muke yi da tarihinmu. Motar da aka kashe Janar Murtala a cikinta ran 13 ga Fabrairu 1976 tana nan a gidan tarihi na Legas, mutane suna zuwa kallo. To tarihi ba na shugabanni kaɗai ba ne. Keken ɗinkin kakarka tarihi ne, garmar kakanka tarihi ce, kaset ɗin da aka ɗauki muryar mahaifinka yana aiko da saƙo daga Makka tarihi ne. Samarinmu suna son mota, kowa ya sani, muna ganin yadda ake wasa da rai da motocin aro a wajen biki. Ina ma wannan son ya koma son sanin yadda injin yake aiki.

Abin da muka fara ƙarami ne. Duk ranar Asabar yara uku daga Indabo, biyu maza ɗaya mace, suna shiga mota zuwa wurin Baba. Mu muke haɗa musu kuɗin mota da ɗan abin da ake ba shi na lokacinsa, don ba daidai ba ne a ce tsoho ya koyar a kyauta. Da farko ya ce shi bai taɓa koya wa mace ba. Yanzu ita yake miƙa wa abin auna wuta, wai hannunta ya fi na mazan natsuwa. Watan jiya ta gyara inbatar wani mai shagon caji da aka ce masa sai dai ya sayi sabuwa.

Don haka ga roƙona gare ku a wannan mako. In akwai wani tsohon abu a gidanku da ake shirin miƙa wa 'yan gwangwan, kafin a ɗora shi a sikeli ka tambayi na waye, ka tabbatar an ji ta bakin duk mai haƙƙi. Ka zauna da dattijon da ya san shi, ka kunna wayarka ka ɗauki labarin da muryarsa. In dole sai an sayar, to a sayar, babu laifi, talauci ba wasa ba ne, amma labarin ya zauna. Sannan ka duba unguwarku, akwai wani tsoho mai gyaran rediyo, ko agogo, ko keken ɗinki, da yake zaune shi kaɗai a shago. Je ka gaishe shi. Ka tambaye shi ko zai karɓi yaro.

Motar Alhaji dai har yanzu da saura. Kujerun baya ba a ɗinka ba, agogon mai ba ya aiki, fitilar baya ɗaya muke nema. Maɓallan U guda biyu na saita su a tashoshin da nake ji. Na K kuwa ban taɓa shi ba, kuma na gaya wa duk mai shiga motar kada ya jawo shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba dattawanmu lafiya, mu kuma Ya sa mu amfana da su tun suna raye. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.